Maharazu da Baƙuwar Falo

A garin Babban Mutum, inda aka haifi Maharazu, babu bishiyar da ke tsaye a banza. Kuka tana nan don miya, tsamiya don kunu, gawo don awaki su ga abin ci da rani, darbejiya don inuwa da masu zazzaɓi. Wadda kuma aka duba aka rasa amfaninta, ita ma tana da aiki, murhu yana jiran ta. Da wannan ilimi Maharazu ya tashi, da shi kuma ya tsufa. Bai shiga wani aji ba bayan makarantar allo, saboda haka babu wanda ya sami damar ɓata masa shi.

Mahaifinsa manomin gero ne, mai ƙarancin magana da yawan 'ya'ya. Da ya rasu aka raba gonar, rabon Maharazu ya zo daidai yadda idan ya tsaya a tsakiya ya yi atishawa, maƙwabta biyu ne ke yi masa addu'a. Amma ya gaji wani abu da ba a raba ba, wata doka ta tsohon: ba a ɗora wa bishiya gatari kafin a ga abin da take haifa. "Wanda ya sare ta kafin nan," in ji tsohon, "ya yanke shari'a bai ji ta bakin wanda ake ƙara ba."

Maharazu ya auri Kubura, suka yi zaman lafiya irin wanda ba ya barin labari. Sun haihu, Allah ya karɓi abinsa ya bar musu mace ɗaya, Firdausi, ita ma da ta isa aure aka kai ta wani ƙauye a ƙetaren iyaka, wajen Magarya. Shekarar da ta biyo baya Kubura ta kwanta ciwo da kaka, kafin a gama sussuka an yi mata sutura. Maharazu ya yi damina ɗaya shi kaɗai a gidan, yana dafa abin da bai iya ba, yana ci don kada a ce bai ci ba. Daga nan ya bar wa ƙanensa gonar aro, ya naɗe tabarmarsa ya nufi Daura.

Wanda ya samo masa aiki taubashinsa ne, Sha'aban, ɗan goggonsa, mai jigilar kaya a babur tsakanin Mai'aduwa da Daura. Tun suna yara Sha'aban ke kiran sa bawa, kamar yadda wasan taubasai ya ba shi dama, kuma furfura ba ta sa ya daina ba. Aikin gadi ne, a gidan wani Alhaji Sada, a sabuwar unguwar da ke bakin gari, inda katangu suka fi mutane yawa. Alhaji Sada ɗan Daura ne amma a Abuja yake neman abincinsa. Ya gina gidan ne don idan an tambaya a ce yana da gida a garinsu. Iyalin sukan zo da Sallah, su yi 'yan kwanaki, su yi ƙorafin zafi, su koma. Sauran shekara gidan na Maharazu ne da ƙadangaru, shi a ɗan ɗakin bakin ƙofa, su ko'ina.

A Sallar farko da ya yi a gidan, matar Alhaji, Hajiya Murja, ta zo da a-kori-kura biye da motarsu, ɗauke da tukwanen fulawa uku. Aka shiga da su babban falo, wanda silinsa ya haye har saman bene, matakala na bin gefensa, ga wata babbar fitila mai gilasai tana reto daga can sama. Biyu daga cikin shukokin sun yi kama da ƙananan bishiyoyin dabino. Ta ukun kuwa ta kawo wa Maharazu ƙirji, ganyenta faffaɗa mai kauri, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa.

Maharazu ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa a hannu, yana jiran a gama hutar da su a fito da su tsakar gida. Da ya ga an gyara musu zama kowa ya koma kujerarsa, sai ya gane nan ne masaukinsu.

"Baba Maharazu," in ji Hajiya, "ga amana. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ka cika. Ka riƙa goge ganyen, da safe ka buɗe musu labule. Ga makullin falo."

"To, ranki ya daɗe." Ya nuna mai faffaɗan ganyen da haɓa. "Ita wannan me take haifa?"

Hajiya tana duba wayarta. Ta yi 'yar dariya ba ta ɗago ba. "Kai dai ka kula da ita, Baba, za ka gani."

Ita ta manta da maganar kafin a kawo abincin rana. Shi ya riƙe ta shekara da shekaru.

Masu kama da dabinon ba su ga Sallar baɗi ba. Ya ba su ruwa kaɗan suka bushe, ya ƙara suka ruɓe. Ya faɗa wa Hajiya a waya da muryar mai kai saƙon rasuwa, ta ce ba komai, a zubar a wanke tukwanen. Wannan "ba komai" ya fi faɗa damun sa. Saura ɗaya, kuma ya ƙudura a ransa ba za a ce ba komai a kanta ba.

Ya sa mata suna Baƙuwa, tunda babu wanda ya gaya masa na yanka. Sannan ya shiga bincike irin na manomi. Inuwa dai babu maganarta, ita kanta a inuwa take. Ya tsinki ganye ɗaya ya miƙa wa wata akuya da ke kiwo a kangon da ke kusa. Akuyar ta shinshina, ta dube shi, ta koma kan kwalin da take ci. Miya kuma bai gwada ba, don ganyen da akuya ta ƙi ba ya shiga tukunya. Amma a inda ya tsinki ganyen wani farin ruwa mai danƙo ya tsattsafo, irin na cediya da ɓaure. Nan ya kama bakin zaren. Dangin ɓaure ce, ta ƙasar waje. In kuwa ɓauren gida yana ba da abin da yake bayarwa, to wannan mai ganye kamar tafin takalmi... Bai ƙarasa lissafin ba, don kada ya yi wa Allah shisshigi.

Kowace safiya, idan ya dawo masallaci ya share bakin ƙofa, sai ya wanke hannu ya buɗe falo. Yakan yi sallama kafin ya shiga. Ba don bishiyar ba. Malamai ne suka ce a yi sallama ko ɗaki babu kowa. Ya ja labule, ya tura yatsa cikin ƙasar tukunyar ya ji ko da sauran danshi. Sai ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ciki da bai, yana tallafe kowanne da tafin hagu kamar mai wanke fuskar jinjiri. Ya lura tana karkata wajen taga, sai ya riƙa juya tukunyar duk Juma'a don kada ta tashi da doro. Wata shekara wasu ƙananan ƙwari farare kamar auduga suka maƙale a gindin ganyen, ya jiƙa darbejiya da sabulu ya yi ta wanke ta har suka haƙura.

Abu ɗaya ne Hajiya ba ta faɗa masa ba, don ba ta zaci sai an faɗa ba: masu ajiye bishiya a ɗaki ba girmanta suke so ba. Yadda suka sayo ta haka suke so ta tsaya, kamar kujera. Ƙaramar tukunya da ƙarancin abinci duk da gangan ne. Maharazu kuwa bai taɓa ganin wanda ya shuka abu don kada ya girma ba. Da ya ga ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa, ya san yunwa ce. Ya sa Sha'aban ya kawo masa buhun takin tumaki daga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Falon Alhaji Sada ya yi makonni yana warin garke. Da jijiyoyi suka fasa tukunyar, ya samo rabin duro, ya huda gindin, ya shafa masa farin fenti don mutunci, ya mai da ta ciki.

Baƙuwa ta karɓi karamcin hannu bibbiyu. Ta wuce kansa, ta wuce ƙofa, ta fara leƙen bene.

A kan kowane reshe wani jan tsiro kan fito, dogo mai tsini kamar barkono. Karon farko da ya gan shi sai da ya zauna a kan tayil. Ya yi kwanaki yana zagaya shi, bai gaya wa kowa ba, don abin da bai nuna ba ba a yi masa shela. Ranar da jan kuben ya tsage ya faɗo, abin da ke ciki ganye ne, sabo, mai laushi. Haka na bayansa, haka duk sauran. Amma har yau bai taɓa ganin jan tsiron nan gabansa bai ɗan faɗi ba.

Sha'aban kan biyo idan ya sauke kaya da wuri. Ya jingine babur, ya leƙa falon daga bakin ƙofa, don shi ba ya cire takalmi saboda itace.

"Kai bawa, ina uwar ɗakin taka? Ta tashi lafiya?"

"Ta fi ka lafiya. Dubi ganye."

"Na ga ganye. Bara ma ganye na gani. Duk duniya bishiya ke ba mutum inuwa, kai kaɗai Allah ya haɗa da wadda ake yi wa rufi da fanka."

"Ba a kunna mata fanka."

"Ashe ana zaluntar ta. To yaushe za mu ci 'ya'yan? Haƙorana ƙarewa suke."

"Dabino ma yana daɗewa."

"Dabino a waje yake daɗewa, ɗan kawu. Wannan ta taɓa jiƙewa da ruwan sama?"

"Tana jin sa ta taga."

"Tsuntsu ya taɓa sauka a kanta? Ƙudan zuma fa?" Sha'aban ya kaɗa kai. "Kun sa bishiya a kulle kuna jiran haihuwa. Ko a mutane ai sai an ga juna."

Maharazu ya kore shi da tsumma. Amma maganar ta zauna.

Firdausi takan kira idan ta hau tudun da waya ke kamawa a ƙauyensu. Rabin hirar "kana ji na?" ne, sauran rabin iska ta cinye. Idan an katse, sai ya ɗauki tsummansa ya shiga falo, ko da ya riga ya goge ganyen da safe, ya haɗa guntayen labarin ya faɗe shi cikakke. Jikan nan ya fara tafiya. Geronsu bai yi kyau ba bana. Baƙuwa ba ta amsawa, amma shi ya saba. Kubura ma ba mai amsawa ba ce, sai dai ka juyo ka ga an ji.

Da Sallah gidan kan cika. Kafin iyalin su iso ya turare falon don korar warin taki. Baƙi su tsaya gaban Baƙuwa su ɗauki hoto, yara su ja ganyen, wani ya zuba ragowar lemo a duron. Hajiya ta wuce ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Babu mai ɗaga kai. Masu gina dogon silin ba safai suke kallon sa ba. A kwanakin nan shi ba ya shiga falo sai an kira shi, yana bakin ƙofa yana buɗe wa motoci, yana jiran a dawo masa da kayansa.

Shekarar da za a yi bikin Mansur, babban ɗan gidan, Hajiya ta zo a tsakiyar bazara don ta shirya gida. Ta tsaya a falo tana nuna wa wata mai adon biki inda za a rataya yadudduka, ta ɗaga hannu, idonta ya bi hannun. A lokacin kan Baƙuwa ya riga ya taɓa silin ya lanƙwasa, wani reshe ya rungumi babbar fitilar ya ture ta gefe, wasu jijiyoyi kuma sun sauko daga rassan kamar igiyar guga suna neman ƙasa.

"Innalillahi! Baba Maharazu! Yaushe abin nan ya zama haka?"

"A hankali ne, ranki ya daɗe," in ji shi, ya sunkuyar da kai, don ba ya son yabo a gaban baƙi.

"Me kake ba ta?"

"Takin tumaki ne kawai. Na kaji zai yi mata zafi."

Hajiya ta dubi mai adon, mai adon ta dubi duron.

"Baba, za ta fasa mana silin. A samo zarto a rage ta, a dawo da ita daidai ƙarfen benen nan. Kafin Alhamis, don ranar masu ado za su fara."

Sai a lokacin ya ɗago. "A sare kanta?"

"A rage dai."

"Ranki ya daɗe, ai ba ta haihu ba tukuna."

"Haihuwar me?"

"'Ya'yan. Da kika ce zan gani."

Hajiya Murja ba muguwar mace ba ce. Ta nemi maganar a ranta ba ta same ta ba, ta kuma ga fuskar tsohon, sai ta sassauta murya. "Haba Baba. Wannan ai ba ta 'ya'ya. Ta ado ce kawai, ganyen nan shi ne abin."

Maharazu bai musa ba, don ba a musu da mai abu a cikin falonta. Amma a ransa ya san Hajiya ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma Allah bai halicci dangin ɓaure don a tsaya gabanta a ɗauki hoto ba. Abin da ya hana ta haihuwa kuwa, Sha'aban ya riga ya faɗa.

"In an yarda," ya ce, "a ba ni ita in fitar waje in dasa. Ba sai an sare ba."

"Za ta fita ta ƙofar nan?"

"Ta nan ta shigo."

Hajiya ta yi dariya. "Na ba ka, Baba, halak malak. Amma fa kafin Alhamis."

Ya zaɓa mata wuri yadda manomi ke zaɓa: tsakiyar filin da ke gaban ɗakinsa, nesa da katanga, inda babu abin da zai tare mata rana daga fitowa har faɗuwa. Ya haƙa rami har ƙugunsa. Ranar Laraba Sha'aban ya zo da leburori daga wani gini da ke kusa. Aka buɗe ƙofar falo duka gefe biyu, aka kwantar da Baƙuwa a kan kafaɗu aka fito da ita. Rassa suka karye a bakin ƙofa, farin ruwan ya ɗiga a rigar Maharazu, inda har yau bai fita ba. Da aka yanke duron, sai ga jijiyoyin sun naɗe a ciki kamar gammo. Aka tsayar da ita a ramin, aka tokare da sanduna, ya ba ta ruwa har ƙasa ta ƙoshi.

Da la'asar ɗin ranar inuwarta ta kwanta a ƙasa, doguwa, karo na farko a rayuwarta. Maharazu ya jawo tabarma ya zauna a ciki. Sha'aban ya zauna gefensa ya cire hula.

"To bawa, yau dai uwar ɗakinka ta kama aiki."

"Saura 'ya'yan."

"Ka ajiye mini na fari."

Wani ɗan tsuntsu ya sauka a reshen sama, ya dudduba, ya tashi. Maharazu ya gani. Ya daɗe bai ji daɗi irin na yammacin nan ba.

Abin da bai sani ba, kuma babu na kusa da ya sani, shi ne ganyen da ya tashi a bayan labule bai san rana ba. Ranar bazara ta Daura kuwa ba ta tambayar baƙo daga ina ya fito. Washegari da azahar sheƙin ya dushe. Daga nan fararen tabo suka fito a ganyen sama kamar an watsa musu ruwan zafi, tabon ya koma ruwan ƙasa, gefe ya naɗe. Maharazu ya ga alamar ƙishi, ya ƙara ruwa. Da safe ruwa, da rana ruwa, da yamma ruwa, har gindin ya zama taɓo. Ganyen ya fara zuba. Ganye ne mai nauyi, kowanne idan ya faɗo sai ka ji kamar an yar da silifa.

A makon aka yi biki. Motoci suka cika layin. Maharazu yana buɗe ƙofa yana rufewa, tsakanin mota da mota yana tsince ganye don kada a taka. Wani direba ya tambaye shi me ya hana a sare busasshen abin nan kafin taro. Ranar tafiya Hajiya ta hango Baƙuwa daga mota, ta sauke gilashi ta ce, "Ayya, Baba. Ba komai, ka ji?" Aka ɗaga gilashi.

Da gidan ya koma shiru ya tsaya ya dube ta da kyau. 'Yan ganyen da suka rage duk na ƙasa ne, na can ciki, waɗanda na sama suka yi wa inuwa kafin su zube. A nan ya gane ba ƙishi ba ne. Ya kafa tsani ya kankare ɓawon reshen sama da farce, ya tarar busasshe. Ya yi ta saukowa yana kankarewa, sai daidai ƙirjinsa ya ga kore, farin ruwan ya ɗan tsattsafo.

Inuwa take so. Amma babu rumfar da zai iya kafawa da za ta rufe bishiya mai tsawon bene. Wadda ya iya ita ce irin ta Babban Mutum, ƙafa huɗu da zana, daidai tsayin mutum. Ya yi ta juya wannan lissafi ko zai fito da wata amsa, bai fito ba.

Ya aika wa Sha'aban ya zo da zarto da zana. Suka tsaya a gabanta. Sha'aban ya gyara riƙon zarton zai kama aikin, Maharazu ya miƙa hannu ya karɓa.

"Baba cewa ya yi kada a sare mai rai," in ji shi, ba a tambaye shi ba. "Nan sama itace ne kawai."

"Haka Kawu ya ce," in ji Sha'aban. "Ni shaida ne."

Tsohon bai faɗi haka ba, kuma su biyun sun sani. Ranar Sha'aban bai kira shi bawa ba ko sau ɗaya.

Ya yanke ta daidai ƙirjinsa, ƙasa sosai da inda Hajiya ta nema, daidai tsayin da ta zo da shi daga Abuja. Ya shafa toka a kan yankan. Suka kafa rumfar, suka tare gabas da yamma da zana. Saman da aka sare Sha'aban ya daddatsa ya ɗaure a babur ya kai wa mai ƙosai a bakin titi, don murhu ba ya tambayar asali.

Bayan 'yan makonni direba ya kawo saƙo daga Abuja a cikin dogon kwali. Bishiya ce ta roba, tsayin mutum, ganye kore shar, ga lemu rataye a kowane reshe, manya, nunannu. Aka ajiye ta a kan zagayen tsatsar da duron ya bari a tayil. Hajiya ta ce a waya wannan ba ta son ruwa ba ta son buɗe labule, a dai riƙa kaɗe ta. Maharazu yana kaɗe ta duk Juma'a tsakani da Allah. Ya taɓa latsa lemo ɗaya, ya ji iska ce a ciki. Har yanzu yana sallama idan zai shiga falon, tunda malamai ba su janye maganarsu ba, amma ba ya daɗewa.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, da iska da ƙamshin ƙasa. Maharazu ya fita cikinsa ya yaye zanar saman rumfar, ya tsaya yana kallon ruwan sama na sauka a kan kututturen yana gangarowa ta ɓawon. Da aka ɗauke ya mayar da zanar. Kwanaki bayan haka, ya durƙusa yana tura yatsa a ƙasar gindin, sai ya ga wani ɗan jan abu ya ɓullo a gefen kututturen, ƙasa da yankan, bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya san ganye ne. Ya ga irinsa ba adadi. Duk da haka sai da ya zauna.

Ya kira Firdausi, wayar ta ƙi shiga. Sha'aban kuma ya kai kaya ƙetare, sai an gan shi. Saboda haka ya gaya wa Baƙuwa, ita da ta riga kowa sani.

Yanzu kowace safiya yakan zame zanar gabas kamar faɗin tafin hannu, ya bar rana ta leƙa ta kafin ta yi zafi, sannan ya mayar. Duk mako yana ƙarawa kaɗan. A lissafinsa, in da rai da rabo, wata rana za a cire rumfar gaba ɗaya, daga nan kuma sai a ga abin da za a gani. Hajiya ta ce ba ta 'ya'ya. To, Hajiya ta faɗi nata. Rumfar dai ba ta ɗaukar biyu, don haka da hantsi za ka same shi a gefenta kan tabarma, rabin jikinsa a rana, yana gadin gidan da babu kowa.